Igiyar Siddiƙu

"Riƙe nan, kada ka ja," in ji Siddiƙu, ya miƙa wa Mode bakin igiyar.

Mode ya riƙe. A zauren Siddiƙu suke, a Taloka, ranar Juma'a da hantsi, saura kwana goma sha ɗaya Babbar Sallah. Siddiƙu ya tuɓe riga, daga shi sai wando, ya zagaya da igiyar ta bayansa ya haɗo ta a kan cibiya. Irin igiyar ɗinke buhun albasa ce, amma an jera mata ƙulli-ƙulli kamar tasbaha, domin duk ranar da ya ga cikinsa ya ƙaru sai ya ƙulla. Ɗan gaba da sauran akwai wani ƙulli guda, an naɗe shi da jan zare.

"Ka gani? Ta wuce na wancan sati da yatsa guda."

"Na gani. Wanga jan hwa?"

"Nan za ni tsayawa."

Mode ya ga abin da aka nuna masa, ya kuma ga wanda ba a nuna masa ba. Cikin yana sheƙi kamar ƙwaryar da aka shafe da man gyaɗa, gefe da gefe fatar ta tsattsage ta yi jan zane. Fuskar ta zama faifai, idanu sun shige ciki. Cinyoyin kuwa suna nan yadda Allah ya yi su, sillen kara, sai idon sawu da ya cika ya tumbatsa a kan takalmin roba. Ga wani wari mai zaƙi-zaƙi, irin na albasar da ta fara ruɓa daga tsakiyar buhu. Da Mode ya saki igiyar, sai ya ga gurbin babban yatsansa ya zauna a jikin, ya ƙi tasowa.

Ya san wannan gurbi. Shi mahauta ke dubawa a bayan rago idan ba su yarda da mai ragon ba.

Mode da Siddiƙu katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji. Tun suna yawo ba wando aka ba su izinin zagin juna, kuma sun yi amfani da izinin nan har ya tsufa a hannunsu. Siddiƙu na kiran Mode "Rumbu", Mode na kiran sa "Tsinken tsire". A ƙa'idar wasan, wanda ya yi fushi shi ya faɗi.

Mode mai turka ne, yana ɗaure raguna ya ciyar da su har Sallah. Yana da tumbi, kuma gaskiyar magana bai yi wa tumbin nan wata hidima ba, gadonsa ya yi daga dangin uwa, kamar yadda wani ke gadon gona. Amma ya iya ɗaukarsa. Idan ya tunkaro majalisa, tumbin kan riga shi sallama, a kuma amsa masa. Siddiƙu kuwa tun da ruwan dam ɗin Goronyo ya fara isowa garkarsa babu wanda ya kai shi albasa a yankin. Yakan duba ganye ya ce gobe take son ruwa, ba yau ba. Ko kusa da jikinsa bai taɓa tunani ba, sai dai in ƙaya ta soke shi.

Har ranar hoto.

Bara waccan, lokacin cirar albasa, wasu ma'aikata suka zo daga Sakkwato da injinan ban-ruwa guda goma, suka ce a nuna musu manomin da ya fi kowa, za a ɗauke shi hoto. Aka kai su garkar Siddiƙu. Ya wanke ƙafa, ya sa rigar Juma'a, ya rungumi kwandon albasa, kowace kamar kan jariri. Mai hoton ya leƙa ta cikin na'urarsa, ya ɗago, ya sake leƙawa.

"Babu wani mai ɗan jiki?" ya ce.

Mode ya zo ne neman ganyen da zai kai wa raguna. Sai ya ji an karɓe buhun hannunsa an ɗora masa kwando. Da ya yi shiru ma da sauƙi. Amma taro ya taru, ga taubashi a tsaye hannu sake, bakin Mode ya ga abinci.

"Ku yi mai haƙuri," ya ce. "In anka kai hoton wanga Sakkwato, cewa za a yi yunwa aka yi Goronyo, a aiko muna da masara!"

Aka kwashe da dariya. Siddiƙu ma ya yi, har ya fi kowa, don haka ƙa'ida ta ce. Ya ɗauki igiyar buhu ya zarge wa Mode a ciki, yana cewa bari ya ga ko rumbun zai ci dami nawa. Aka ƙara wata dariyar, aka watse.

Hoton ya fito a kalanda. Daga Goronyo har Rabah babu teburin mai shayin da ba ka ganin Mode rungume da albasar wani, yana murmushi, an rubuta a ƙasa: Manomin Zamani. Mutumin da ko lawashi bai taɓa shukawa ba. Ya karɓi guda biyu, ya rataya ɗaya a zaurensa.

Daga nan Siddiƙu ya fara ganin kansa. In ya je buɗe ruwa sai ya tsaya yana kallon inuwarsa a cikin kwata har kwamin ya cika ya ɓalle. In an ajiye babur a ƙofar masallaci sai ya karkata madubin. Ya koma sa riga biyu, wata a kan wata, a tsakiyar bazara. Ya fara tambayar mutane, da sigar wasa, "In kana tahowa daga nesa ƙaƙa kaka gani na?" Sannan ya shiga ci. Fura da nono da safe, ya bi ta da man shanu a ludayi. Tuwo malmala huɗu. Ta kan katanga Mode yakan ji shi yana kelaya amai a bayan ɗaki, ya kuskure baki, ya ce wa matarsa, "Sa'adiyya, ƙaro." Wata uku yana wannan, ko kwatar kilo bai tara ba.

Wata rana da la'asar ya shigo garken Mode, ya jingina da turke.

"Ba ni irin ta raguna."

"Irin mi?"

"Rumbu, katangarmu guntuwa ta. Shekara shida ina kallon ka kana daka ta cikin dusa. Ni ban hwaɗa ma kowa ba."

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne wannan: idan Sallah ta rage mako uku, Mode yakan daka wata farar ƙwaya ya haɗa da gishiri ya zuba wa ragunansa. Sai su yi ta ci suna shan ruwa, su cika su yi ɓul-ɓul. Ragon Mode suna ne a kasuwar Goronyo. Malamai da masu unguwa sun yi layya da shi sun sa albarka. Abin da Mode ya sani, su ba su sani ba, shi ne dole ragon ya ga wuƙa kafin wata ya cika. Ya taɓa yin kwantai da guda ɗaya. Da aka farka shi, ruwa ne ya fara zubowa, hantar kuwa ko kare sai da ya yi shawara.

Ya ƙirga wa Siddiƙu guda goma a takarda. Ya ce, "Rabi-rabi, kuma in sun ƙare ka bari." Ya ji daɗin wannan magana ƙwarai, har ya ɗauki kansa mai nasiha.

Sauran Siddiƙu ya nemo da kansa a faifan masu magani na kasuwa.

Kuma abin ya yi aiki, nan ne ƙazantar take. Kumatu suka fito, wuya ya yi tozo. Gari ya buɗe baki. "Siddiƙu ya samu duniya!" "Albasa ta yi rana!" Waɗanda ke ce masa Siddi suka koma Malam Siddiƙu, wani direba ma ya ɗora masa Alhaji bai je ko garin Gandi ba. Aka fara matsa masa wuri a kan tabarma. Garkar kuwa ta bushe, domin ya daina shiga rana, wai gumi na zubar masa da jiki. Yau ka same shi yana raha kamar ango, gobe ya ɗaga fartanya zai kashe jakinsa don ya kalle shi, jibi matarsa Sa'adiyya ta same shi zaune a kan turmi yana hawaye, bai san na mene ne ba.

To wannan shi ne mutumin da Mode ya riƙe wa igiya ranar Juma'ar nan.

"Tsinke," ya ce, yana goge yatsansa a gefen riga, "ka san ragon da anka ba abin ga ba ya ganin wata biyu. Kai ka kwashe tara. Wuƙa kaka jira?"

Siddiƙu ya tuntsire da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Hassada! Wallahi hassada! Ka ga ana shirin cire ka daga kalanda."

"Da gaske nika yi."

"To ai kullum da gaske kaka yi. Ran hoto ma da gaske kay yi."

Shekara arba'in da biyar suna wasa, yau Mode ya zo da gaskiya a bakin da ba a taɓa jin ta ba. Ya san hanyar da za a yarda da shi guda ce. Ya je ya ɗauko Malam Halliru, limamin unguwa, da Zayyanu ƙanen Siddiƙu, ya zaunar da su, ya ce ga abin da yake sha, ga inda ya fara samu, ga abin da yake yi wa cikin rago, kuma ga yadda aka yi na sani. Raguna goma sha huɗu ne a garkensa, sun yi kwana goma suna cin farar dusa. Ɗaya ma Malam Halliru ya riga ya zaɓa, an shafa masa shuni a goshi.

Aka turo akushi ta ƙofar cikin gida. Sa'adiyya ba ta fito ba, muryarta ce ta fito.

"Baban Maryam, ina kwana."

"Lahiya lau, Sa'adiyya. Ina gajiya?"

"Don girman Allah, kai ne ɗan'uwanai. Mi shika sha? Na ga shina haɗiyar wani abu in ya juya baya. Hitsarinai tururuwa ka bi."

Siddiƙu ya daka mata tsawa. Mode ya dubi ƙofar, ya dubi taubashinsa, ya dubi akushi.

"Wallahi..." ya ce, sai ya tuna rantsuwa na da kaffara, ya janye ta. "Ban sani ba, Sa'adiyya. Ƙila maganin shawara na."

Ƙofar ta rufe a hankali. Siddiƙu ya buɗe akushi. Shinkafa ce da wake, mai ya kwanta a kai har yana rawa. Ya dinga cusawa yana nishi, ba ya tauna, man yana bin haɓarsa yana sauka a ƙirji. Ba yunwa a fuskarsa ko kaɗan. Aiki yake yi, kamar mai ɗura wa buhu.

"Bismilla mana."

"Na ƙoshi," in ji Mode, wanda ba a taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba. Ya fita ya tofar da yawu a gindin katanga, ya wuce ya ba raguna ruwa. Ya ce wa ransa bayan Sallah. Kwana goma sha ɗaya ne kawai, in garke ya watse zai tara su ya faɗa.

Siddiƙu bai ba shi kwana goma sha ɗayan ba. Ranar Talata, ana sallar azahar, aka yi sujada aka ɗago, shi bai ɗago ba.

A bayan a-kori-kurar albasa aka ɗauke shi zuwa asibiti a Wurno, kansa a kan cinyar Zayyanu, Malam Halliru a gaba, Mode a zaune kan buhu yana riƙe da ƙafafun. Duk inda ya riƙe sai wurin ya lotsa. A hanya Siddiƙu ya farfaɗo sau ɗaya, ya lalubi rigarsa.

"Ku ruhe min ƙahwahu," ya ce. "Kada a gani."

Likitan matashi ne, ga alama bai ci abincin rana ba. Ya danna ƙafar, ya ɗaga rigar, ya ja fatar ido.

"Me yake sha?"

Zayyanu ya ce, "Ba ya shan komi, likita. Ko taba. Jiki na Allah ya ba shi bana."

"Wannan ba jiki ba ne, ruwa ne. Ina tambaya, me yake sha? In ban sani ba, lalube zan yi."

Mode ya lissafa, domin shi mutum ne mai lissafi: in ya yi shiru babu mai tuhumarsa, gawa ba ta magana. Sai Siddiƙu ya yi wani numfashi mai kama da jan guga a rijiyar da ta ƙafe.

"Hwarar ƙwaya ta," in ji Mode. "Wadda aka ba raguna su kumbura. Wata tara."

"Kai ya aka yi ka sani?"

"Ni nib ba shi ta hwarko. Ita nika ba nawa."

Bai dubi Malam Halliru ba, amma ya ji tsohon ya juyo gaba ɗaya, da rawani da komai.

Likitan ya ce da a watan jiya ne da akwai magana. Duk da haka suka yi abin da za su iya, aka ɗaura ruwa, aka yi allurai. Siddiƙu ya cika washegari da walaha.

Kafin a dawo da gawar labari ya riga ta isa Taloka. Malam Halliru ne mai wanka. Ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya naɗe hannun riga, ya duba cikin mutane.

"Mode. Kai za ka zuba min ruwa."

"Allah gahwarta Malam, ga Zayyanu..."

"Kai nic ce. Kiwonka na, zo ka ga yadda yay yi."

Mode ya shiga. Ba zai taɓa ba wa kowa labarin abin da ya gani a ɗakin nan ba, ko matarsa Laraba. Ya dai zuba ruwa inda aka ce ya zuba. Fatar tana saɓulewa in an goga da ƙarfi, sai Malam ya koma shafawa da tafin hannu kamar mai lallashin yaro. Ganyen magarya da kafur suka yi iya ƙoƙarinsu. Da aka zo hannuwa, Mode ya ga su ne kaɗai ba su canja ba: dogayen yatsu, kanta a tafi, ƙasar garka a ƙarƙashin farce wadda wata tara na zaman zaure bai fitar ba. Nan ne ya tsaya da zuba ruwan.

"Zuba," in ji Malam. "Ba kuka anka kira ka ba."

Likkafanin da aka yanka da farko bai isa ba, sai da aka ƙaro. Da aka ɗaga makara mutum shida suka yi nishi, wani daga baya ya ce, "Masha Allahu, ya tahi da jikinai." Wani ya amsa, "Rufin asiri ke nan." Sun ji labarin ƙwayar sarai. Idonsu ne bai ji ba.

Da la'asar Mode ya ga ragon mai shuni a goshi ɗaure a ƙofar gidansa, babu saƙo. A wurin zaman makoki aka bar masa tabarma guda shi kaɗai, mai faɗi, irin wadda a da yakan ɗauka girmamawa ce. Mutane na zuwa su yi wa Zayyanu gaisuwa, su tsallake shi. Ya ce a ransa wannan daidai ne, har ya fara jin wani ɗan sanyi na wanda aka hukunta.

Sai Abdulƙadiri mai shayi ya matso ya tsuguna kusa da shi. Siriri ne, wuyansa kamar na buta, kuma har yau kalandar na rataye a rumfarsa.

"Ƙaƙa haƙuri, Mode?"

"Haƙuri sai ma'aiki."

"Allah shi jiƙan shi. Shi dai ya yi gaggawa, shi na kuskurenai." Ya waiga, ya rage murya. "Wagga ƙwaya, mi sunanta? Ni rabi-rabi za ni sha."

Mode ya dube shi. Ya tashi bai nemi takalmi ba, ya zagaya bayan masallaci, ya dafa bango, ya amayar da furar safe. Da ya gama ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe.

Sallah ta zo ta wuce da raguna goma sha huɗu a turke. Babu wanda ya taya, shi ma bai kai su kasuwa ba, ko da yake wani dillali ya ce a kai Rabah inda ba a san zancen ba. Ya zubar da sauran ƙwayar a masai. Ragunan suka fara saɓewa, fata na rataye a jikinsu kamar rigar aro. Uku suka mutu, ya ja su a kan jaki ya binne a bayan gari.

Ran da aka yi addu'ar arba'in, da hantsi, yana zaune a garke, Laraba ta zo ta ajiye wani abu a kan turmin dusa.

"Sa'adiyya ta ce a ba ka. Ta ce naka na."

"Nawa?"

"Haka tac ce. Ba ta ƙara komi ba."

Igiyar ce, an naɗe ta tsaf. Mode ya jira har Laraba ta shige. Ya warware ta, ya bi ƙulle-ƙullen da yatsa, daga na farko, wanda ɗan zagayensa bai fi na kwandon yara ba, har na Juma'ar ƙarshe. Tsakaninsa da jan ƙullin yatsa biyu ne.

Ya daɗe yana riƙe da ita. Sannan ya ɗaga riga, ya zagaya da igiyar ta bayansa, ya haɗo ta gaba. Jan zaren ya zauna a kan cibiyarsa daidai, ba ragi ba ƙari.

Ta bayan katanga ana jin Sa'adiyya tana kankare akushi. Ragon mai shuni a goshi ya miƙo wuya, ya shinshini bakin igiyar da ke lilo, ya fara taunawa.